Yahudawa da akwatin zaɓe: tambayoyi da amsoshi kan hukuncin kaɗa ƙuri'a a shari'arsu

Tsakanin Afrilun 2019 da Nuwamban 2022 sau biyar Isra'ila tana zaɓen 'yan majalisa. A kowane zagaye akan ga hotuna iri biyu: tsoffin malamai masu farin gemu ana riƙe da hannunsu zuwa rumfar zaɓe, da kuma wasu masu irin wannan shigar suna lilliƙa takardu a bango cewa zaɓen haram ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu bin labaran suka fi maimaitawa.

Wace shari'a ake nufi, kuma wa ke yanke hukunci a cikinta?

Sunanta Halakha. Tushenta Attaura ce, sai Mishna, tarin koyarwar malamansu ta baka, da aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, sai Talmud da malaman Babila suka kammala bayan ƙarni uku ko makamancin haka. Daga baya aka sami manyan littattafan da suka tsara hukunce-hukuncen babi-babi, kamar Mishneh Torah na Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, da Shulhan Arukh na Rabbi Yosef Karo da aka buga a Venis a 1565.

Babu shugaba guda da maganarsa ke ɗaure Yahudawan duniya. Kowace al'umma da malamanta, ana aika musu tambaya su amsa a rubuce, amsar ta zama abin dogaro gwargwadon ƙarfin hujjarta da girman mai ita. Wannan ne ya sa kusan kowace amsa a nan za ka tarar da saɓani a cikinta. Kuma a lura, maganar ta fi shafar Yahudawa 'yan Otodoks, masu ɗaukar Halakha a matsayin dokar rayuwa. Da yawa daga cikin Yahudawan Isra'ila da Amurka ba sa neman fatawar kowa kafin su tafi zaɓe.

Shin nassosinsu sun san zaɓe tun asali?

Zaɓe irin na yau, mai jam'iyyu da akwati, babu shi a Attaura. Amma akwai ginshiƙan da malamai suka yi gini a kansu. Talmud, a babin Berakhot, ya ruwaito daga Rabbi Yitzhak cewa ba a naɗa wa jama'a shugaba sai an shawarce su, ya kafa hujja da yadda Annabi Musa ya gabatar wa Bani Isra'ila Bezalel, gwanin da ya jagoranci aikin alfarwar ibada. Daga wata aya a Littafin Fitowa kuma suka ciro ƙa'idar bin rinjaye, wadda asalinta a kan alƙalai take.

A tsakiyar zamanai, unguwannin Yahudawa a Turai su ke tafiyar da harajinsu da makarantunsu da kotunansu, don haka rikicin shugabanci ba baƙo ba ne a wurinsu. Rabbi Meir na Rothenburg, wanda ya rasu a 1293, ya ba da fatawa cewa idan gari ya kasa daidaitawa, a tara duk magidanta masu biyan haraji, kowa ya ɗauki alkawarin faɗin ra'ayinsa saboda Allah, sannan a bi rinjaye. An shigar da wannan hukunci cikin sharhin Shulhan Arukh. Sharaɗin nan na "saboda Allah" shi ne zai sake tasowa a amsar da ta shafi sayen ƙuri'a.

Ga Bayahuden da ke zaune a Amurka ko Ingila, zaɓe wajibi ne?

Mafi yawan malamai suna kwaɗaitarwa a kai, wasu har sun kai shi matsayin wajibi. Hujjojin uku ne ake yawan jerowa: wasiƙar Annabi Irmiya ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, cewa su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, maganar Rabbi Hanina a Mishna cewa a riƙa yi wa hukuma addu'a, don ba domin tsoronta ba da mutane sun haɗiye juna da rai, da ƙa'idar malamin Babila Shmuel cewa dokar ƙasa doka ce.

Takardar da aka fi yawo da ita duk lokacin zaɓen Amurka ita ce wasiƙar Rabbi Moshe Feinstein ta Oktoban 1984. Mutum ne da ya yi limanci ƙarƙashin mulkin Tarayyar Sobiyet kafin ya isa New York a shekarun 1930, ya san ɗacin zama inda ba a barinka ka yi addininka. Bai gina maganarsa kan amfanin siyasa ba. Kan godiya ya gina ta: ƙasar da ta ba ka mafaka da 'yancin ibada tana da haƙƙi a kanka, kuma yin rajista da kaɗa ƙuri'a na daga cikin sauke wannan haƙƙi.

Ba sarki Attaura ta ce a naɗa ba? Ina dimokuraɗiyya ta shigo?

Littafin Maimaitawar Shari'a ya yi maganar naɗa sarki, kuma bin Maimun ya lissafa hakan cikin umarnin da ke kan al'umma. Sai dai ba kowa ya yarda ba. Don Yitzhak Abarbanel, wanda ya yi wa sarakunan Fotugal da Sifaniya aiki ya ga halinsu a kusa, ya ce izini ne kawai, ba umarni ba, har ya yabi tsarin jamhuriyar Venis. A ƙarni na 19 Rabbi Naftali Berlin ya ce umarnin ya rataya ne kan yardar jama'a. Rabbi Abraham Kook ya zo ya ƙara da cewa idan babu sarki, ikon sarauta yana komawa hannun al'umma. A kan wannan magana ta Kook ne masu haɗa addini da aƙidar Sahayoniyanci, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasa, suka jingina halaccin Knesset, majalisar dokokin Isra'ila.

To me ya sa wasu malamai suka haramta shiga zaɓen Isra'ila?

A nan gizo ke saƙar. Jagoran wannan ra'ayi shi ne Rabbi Yoel Teitelbaum, shugaban ɗariƙar Satmar, wanda ya tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi a Hangari, ya zauna a New York har rasuwarsa a 1979. A littafinsa Vayoel Moshe ya dogara da wani sashe na Talmud, a babin Ketubot, mai maganar rantsuwa uku: kada Yahudawa su koma ƙasar a ayari da ƙarfin tuwo, kada su yi wa al'ummai tawaye, su kuma al'ummai kada su wuce gona da iri wajen zaluntarsu. A fahimtarsa, kafa ƙasa kafin zuwan Almasihun da Yahudawa ke jira karya rantsuwa ne, don haka ƙasar kanta zunubi ce.

Hujjarsa ta biyu ta fi shafar mai zaɓe kai tsaye. Ɗan majalisa wakilinka ne, kuma a Halakha wakilin mutum tamkar shi kansa ne. Idan majalisa tana kafa dokokin da suka saɓa wa Attaura, wanda ya tura wakili cikinta ya sa hannu, ko da wakilin nasa malami ne.

A birnin Ƙudus, ƙungiyar Edah Haredit ce ke riƙe da wannan tuta, musamman a unguwar Mea Shearim. Ba zaɓe kaɗai suke ƙaurace wa ba, makarantunsu ba sa karɓar kuɗin gwamnati, tallafi daga 'yan Satmar na ƙetare ke riƙe da yawancinsu. Ana gab da zaɓe bangayen unguwar kan cika da manyan takardu masu baƙin rubutu, ana liƙa sabuwa a kan tsohuwa har bango ya yi kauri. Neturei Karta, waɗanda ake gani a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa, ƙaramin ɓangare ne mafi zafi a wannan sansani, kuma kuskure ne a ɗauka su ne muryar duk masu tsananin riƙo da addini.

Su kuma masu cewa a shiga, me suka riƙe?

Sun kasu biyu. Masu haɗa addini da Sahayoniyanci suna kallon ƙasar a matsayin farkon tsiron fansa, kamar yadda addu'ar da aka tsara mata a 1948 ta faɗa, don haka zaɓe a wurinsu abin alfahari ne. Game da rantsuwa uku sukan ce bin Maimun bai sa ta a littafin hukuncinsa ba, Shulhan Arukh ma haka, kuma al'ummai da kansu suka ba da izini da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1947.

Ɓangare na biyu, wato yawancin Haredim, masu tsananin riƙo da addini, ba su ɗauki ƙasar da wani tsarki ba, amma suna zaɓe fiye da kowa. Lissafinsu shi ne: ƙasa dai ta kafu, ko ka zaɓa ko ba ka zaɓa ba za ta yi doka a kan ɗanka da makarantarka da Asabar ɗinka, to gara ka kasance a ɗakin da ake yanke hukunci. Jam'iyyarsu ta farko, Agudat Yisrael (Aguda a taƙaice), an kafa ta a Katowice a 1912, kuma ta riga ta saba da takara a majalisar Foland tun kafin yaƙin duniya na biyu. A Yunin 1947 David Ben-Gurion, wanda daga baya ya zama firaministan Isra'ila na farko, ya rubuta mata wasiƙar alkawari kan abubuwa huɗu: hutun Asabar, abincin kosha (wanda shari'arsu ta halatta) a ma'aikatun gwamnati, aure da saki, da 'yancin makarantu. Daga baya aka sami Shas a 1984 ƙarƙashin Rabbi Ovadia Yosef, da Degel HaTorah a 1988 ƙarƙashin Rabbi Elazar Shach.

Lissafin ya biya su. Knesset kujeru 120 ce, ba a taɓa samun jam'iyyar da ta ci rinjaye ita kaɗai a zaɓe ba, don haka ƙananan jam'iyyu kan zama raba gardama. A zaɓen 2022 Shas ta sami 11, ƙawancen Aguda da Degel ya sami 7. Ɗaliban makarantun Talmud da aka ɗage wa aikin soja a 1948 kimanin 400 ne. Bayan firaminista Menachem Begin ya cire iyakar adadin a 1977 suka kai dubun-dubata, har Kotun Ƙoli ta yanke a Yunin 2024 cewa babu dokar da ta ba gwamnati damar ci gaba da ƙyale su.

Waɗanda suka haramta, ba sa zaɓe ke nan a ko'ina?

Suna yi, har da zumuɗi. Ɗan Satmar da ba zai taɓa kusantar akwatin zaɓe a Ƙudus ba, a Williamsburg ta Brooklyn ko a garin Kiryas Joel da ke jihar New York da shi ake layi tun safe. Sukan kaɗa ƙuri'a a dunƙule bisa shawarar shugabanninsu, abin da ya sa masu neman gwamna da magajin gari ke zarya zuwa gidajen malamansu. Wannan ya nuna rigimar ba a kan zaɓe take ba. A kan halaccin ƙasar Yahudawa kafin Almasihu take, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata kan rantsuwa uku.

Dole ne mutum ya zaɓi jam'iyyar da malaminsa ya nuna?

A wurin Haredim, eh. Aƙidar ana kiranta da'at Torah: wanda ya ƙare rayuwarsa cikin karatun Attaura yana da hangen da ya wuce na sauran mutane har a al'amuran duniya. Sukan kafa hujja da ayar da ta ce a aikata duk abin da alƙalai suka koyar, kada a karkata dama ko hagu. Kowace jam'iyyarsu tana da majalisar manyan malamai, ita ke amincewa da jerin 'yan takara, ita ke cewa a shiga gwamnati ko a fita.

Tsarin zaɓen ma ya sauƙaƙa biyayyar. Ba mutum ake zaɓa ba, jam'iyya ce. Ana ba ka ambulan, ka shiga bayan kariya, ka tarar da faranti mai gida-gida cike da 'yan takardu, kowace ɗauke da haruffan jam'iyya, ka ɗauki ɗaya ka sa a ambulan ka jefa cikin shuɗin akwati. Ƙawancen Aguda da Degel harafinsa guda ne, gimel. Don haka umarnin malami bai wuce kalma ɗaya ba, kuma ko tsohon da idonsa ya yi rauni ba zai ɓata ba.

'Yan Otodoks na zamani ba su yarda da wannan ba. Sukan ce ayar tana magana ne kan babbar kotun Sanhedrin da ta daɗe da gushewa, kuma gwaninta a hukuncin yanka ba ta sa mutum ya zama masanin kasafin kuɗi. A ganina suna da magana, musamman idan aka duba cewa tsohon malami mai shekara 90 sau da yawa abin da makusantansa suka kawo masa kaɗai yake ji. Mai karatu da ya saba jin wa'azin gab da zaɓe a ƙasarmu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mata fa, suna zaɓe? Ana zaɓensu?

An kai ruwa rana kan wannan a 1919 da 1920, lokacin da Yahudawan Falasɗinu ke shirin zaɓen majalisar wakilansu ƙarƙashin Turawan Ingila. Rabbi Kook, wanda ake ganin mai sassauci ne a wasu fannoni, ya ƙi ƙememe, yana tsoron siyasa ta shiga tsakanin miji da mata. Rabbi David Hoffmann na birnin Berlin ya raba: su zaɓa, amma kada a zaɓe su. Rabbi Ben-Zion Uziel na Jaffa ya halatta duka biyun, da hujja mai sauƙi: ta yaya za a ɗora wa mata biyayya ga shugabannin da aka hana su zaɓa? A zaɓen 1920 sai da aka keɓe wa masu tsaurin ra'ayi rumfuna na maza zalla a Ƙudus, aka ninka ƙuri'unsu a madadin matansu.

Tushen hana mace muƙami maganar bin Maimun ce, cewa kowane naɗi na iko namiji ake yi wa. Masu halattawa sukan kawo Debora, wadda ta yi alƙalanci a Bani Isra'ila, su ce wanda jama'a suka karɓa da yardarsu ba ya cikin hanin. Yau rabin farko na gardamar ya mutu, matan Haredim suna zaɓe ƙwansu da kwarkwatarsu, jam'iyyun ma da ƙuri'unsu suke taƙama. Rabi na biyu na nan daram: Shas da ƙawancen Aguda ba su taɓa tura mace Knesset ba, duk da cewa a 2019 matsin Kotun Ƙoli ya sa an goge sharaɗin "maza kaɗai" daga kundin Aguda.

Idan zaɓe ya faɗo ranar Asabar ko ranar idinsu?

Ba a yi. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa fitowar taurari daren Asabar, rubutu da tuƙa mota da taɓa na'urar lantarki duk an hana, kuma ceton rai ne kaɗai ke ɗage hanin. Ko malaman da suka wajabta zaɓe ba su ce a keta Asabar dominsa ba. A Isra'ila an saba yin sa ranar Talata, kuma ranar hutu ce.

A ƙetare ne matsalar ke tasowa. Ostareliya ranar Asabar take zaɓe, kuma tilas ne, don haka masu kiyaye Asabar kan yi nasu tun kafin ranar ko su aika ta gidan waya. A Kanada zaɓen 21 ga Oktoban 2019 ya yi daidai da idin Shemini Atzeret. Aka je kotu, kotu ta ce shugaban hukumar zaɓe ya sake dubawa, ya duba ya bar ranar yadda take, ya faɗaɗa hanyoyin zaɓen wuri. Najeriya ma Asabar take zaɓe, ga shi babu zaɓen wuri ga jama'a, abin da mabiya cocin Adventist suka daɗe suna kuka a kai, kuma ya shafi 'yan tsirarun masu bin addinin Yahudanci a kudu maso gabas.

Ya halatta a shiga coci ko masallaci don a kaɗa ƙuri'a?

A Amurka da Ingila ana yawan sa rumfar zaɓe a harabar coci. Yawancin malaman Otodoks sun hana shiga ɗakin ibadar kansa, amma da dama sun ba da izinin shiga zauren taro na gefe, musamman mai ƙofarsa daban, tunda kowa ya san abin da ya kawo ka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya nemi zaɓen wuri kamar yadda aka ambata a batun Asabar. Masallaci ya fi sauƙi a wurin mafi yawansu, saboda bin Maimun ya yanke cewa tauhidin Musulmi ba shi da gauraye.

Mene ne hukuncin sayen ƙuri'a, da raba laya lokacin kamfe?

Tunda mai zaɓe an ɗora masa faɗin ra'ayi saboda Allah, malamai sun kwatanta shi da alƙali, kuma Attaura ta ce cin hanci yana makantar da idon masu hikima. Rabbi Moshe Sofer na Pressburg, wanda ya rasu a 1839, an tambaye shi kan zaɓen limamin wani gari da aka ce kuɗi sun yi aiki a ciki. Ya ce idan shaidu suka tabbatar, zaɓen ya rushe, a sake, kuma waɗanda suka karɓa ba su da baki a na biyun.

Laya kuwa labarinta ya fi armashi. A zaɓen 1996 Shas ta raba layu da kyandirori masu ɗauke da sunan Rabbi Yitzhak Kaduri, tsohon malamin asirai, kujerunta suka tashi daga 6 zuwa 10, a 1999 suka kai 17. Ba za a ce laya ce kaɗai ta kawo haka ba, don jam'iyyar ta gina makarantu da ayyukan jinƙai a unguwannin talakawa Yahudawan da suka fito daga ƙasashen Larabawa. Dokar zaɓen Isra'ila yanzu ta hana neman ƙuri'a da tsinuwa ko alkawarin albarka ko laya. Duk da haka a Maris ɗin 2020 sai da hukumar zaɓe ta ci Shas tara kan raba layun kariya daga korona a ranar zaɓe.

Tona asirin ɗan takara ba ya cikin cin naman mutane?

Yi da mutum babban laifi ne a Halakha ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. Rabbi Yisrael Meir Kagan, a littafinsa na 1873, ya yarda da faɗin aibin mutum idan akwai maslaha, bisa sharuɗɗa: ka tabbatar da labarin, kada ka ƙara gishiri, niyyarka ta zama gyara ba ƙiyayya ba, kuma ya kasance babu wata hanyar da ta fi sauƙi. Malaman yau sun yarda cewa abin da ya shafi amana da cancantar ɗan takara jama'a na da haƙƙin sani. Ko ana kiyaye sauran sharuɗɗan a zafin kamfe, takardun bangon da 'yan ɓangarori ke yi wa juna sun isa amsa.

Mai addini zai iya zama minista a gwamnatin da ba ta bin Halakha?

Masu haɗa addini da Sahayoniyanci da Shas ba su ga laifi ba, sun riƙe ma'aikatu da dama. Aguda ce ta daɗe tana ɗari-ɗari. Rabbi Yitzhak Meir Levin ya yi ministan walwala a gwamnatin farko, jam'iyyar ta fice a 1952 kan batun tilasta wa mata yi wa ƙasa hidima. Bayan ta dawo cikin ƙawancen mulki a 1977, malamanta suka hana karɓar cikakken muƙamin minista, saboda a doka kowane minista yana ɗauke da alhakin duk abin da gwamnati ta yanke, har da aikin ranar Asabar. Wannan ita ce hujjar wakilci ta Satmar da aka ambata a baya, sai dai an matsar da iyakar daga rumfar zaɓe zuwa teburin ministoci.

Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce shugabancin kwamitin kuɗi na majalisa, da muƙamin mataimakin minista a ma'aikatar da firaminista ke riƙe da sunan ministanta kawai. A 2015 Kotun Ƙoli ta ce wannan ba ya yiwuwa, majalisar malamai ta ba Yaakov Litzman izini ya zama cikakken ministan lafiya. A Nuwamban 2017 ya ajiye muƙamin saboda gyaran layin dogo da aka yi ranar Asabar. Ba a jima ba aka yi wa doka kwaskwarima, ya koma ma'aikatar a matsayin mataimakin minista da ikonsa na da.